Kwalabe Uku a Ƙofar Edna

A garinmu in ka ce Cyril Holroyd sai a tsaya ana sosa kai, amma ka ce Cyril mai madara, ko wanda aka haifa bayan an rufe kamfanin madarar zai nuna maka gidansa. Shekara talatin da takwas ya yi yana zaga layukan nan da motar madara, irin mai batir ɗin nan marar ƙofa, wadda ko ta ƙure gudunta sai mai keke ya wuce ta yana ɗaga hannu. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, yatsunsa sun lanƙwashe tsabar riƙon kwalabe, don a zamanin ƙarfinsa biyar yake ɗauka a kowane hannu. Ba shi da dogon zance, kuma tun rasuwar matarsa yake zaune shi kaɗai yana noman albasa a bayan gida. Mutane suna ganin girmansa, kuma akwai dalili. Shi ne ya lura da shirun gidan Edna Pickersgill a hunturun 1979, ya ruga ya kira 'yan sanda aka ɓalle ƙofa aka tarar da gawarta. Haka kowa ya san labarin, haka ma jaridar gari ta buga shi a lokacin.

Kamfanin ya mutu a 2003. Su wa suka kashe shi? Mu ne, ba wasu ba. Muka ga jarkar roba ta babban kanti ta fi arha da 'yan kwabbai, muka shiga cusa takarda a bakin kwalba muna cewa mun gode, a daina kawowa. Yanzu da abin ya tafi, sai ga mu muna kewa. Shiga kowane shago, za ka ga hoton motar madara a jikin kofi, a jikin tawul, a katin gaisuwa, fara fes, direbanta na washe baki kamar bai taɓa sanin sanyin asuba ba. Abin haushin, waɗanda suka fara soke madararsu su ne kan gaba wajen saye. To su ɗin ne dai suka kafa kwamiti, suka ce za a zana motar madara a bangon tsohon ɗakin ajiyar kamfanin, wanda yanzu ya zama gidan shayi, a kafa allo a ƙasa da sunan Cyril da labarin abin kirkin da ya yi.

Aka ba wata mai zane aikin, Imogen Thwaite, 'yar shekara talatin, mai fara'a, kullum fenti har a gira. Ta ce ba za ta ƙirƙiri komai daga kanta ba, don ta tono wani hoto a akwatin marigayi kakanta, mutumin da ya kwashe rayuwarsa yana yawo da kyamara yana ɗaukar abin da ba a sa shi ba. Daga hoton nan za ta kwafa. Cyril ya ji labari ya ce su suka sani. Mako guda ana aiki bai leƙa ba, sai da Wilf Garside ya zo ya taso shi. Wilf tsohon abokin aikinsa ne, dogo, siriri, bakinsa ba ya hutu, shekara hamsin suna zagin juna babu wanda ya taɓa fushi.

"Taso, tsohon banza, mu je mu ga yadda aka gyara ka," in ji Wilf. "An ce har gashi aka ba ka."

Suka tarar da Imogen a kan tsani. Zanen ya kusa rabi, kuma gaskiya yarinyar ta iya. Ga Layin Tenter a cikin dusar ƙanƙara, ga motar da kiret-kiret na kwalabe a bayanta, ga Cyril yana saurayi ya juya zai hau. Wilf ya soma tsiya, yana cewa ai ko a lokacin ma tumbin ya fi haka, masu shan shayi na dariya. Cyril bai ji ko ɗaya ba. Idonsa na kan ƙofa ta ƙarshe a layin, koriya, mai lamba tara. A dokin ƙofar an jera kwalabe uku. Biyu madararsu ta daskare ta turo murfin sama, tsuntsaye sun huda shi, ta ukun kuwa sabuwa ce, murfinta lafiya lau. Imogen ta lura da inda yake kallo, ta sauko da murna tana cewa nan ne ta fi so a duk hoton, kwana biyu ta yi tana fama kafin ta samo hasken da ke jikin gilashin.

Wilf ma ya kai idonsa wurin, nan take ya daina dariya.

"Wannan ba ƙofar Edna ba ce?" ya ce a hankali. "Guda fa take karɓa."

Wilf ya cire tabarau ya goge da gefen riga, ya ce idon nan nasa ya gama yawo, ba ya ganin komai yanzu, su je su sha shayi.

Wanda bai yi aikin ba zai ga kwalabe uku ya ce gidan masu yara ne. Mai madara kuwa kwanaki yake gani. Dokar aikin ba a rubuce take ba, amma ita ake fara koya wa mutum kafin tuƙi: ka ajiye cikakkiyar kwalba, ka ɗauki wankakkiyar da aka fitar, in da saƙo za ka same shi a naɗe a bakinta. In ka tarar da ta jiya ba a shigar ba, babu takarda, kuma ka san tsoho ne ko tsohuwa ke zaune shi kaɗai, ka buga ƙofa. In ba a amsa ba, ka tayar da maƙwabta. Ba a jiran kwana na biyu, balle na uku.

Cyril ya san wannan kamar yadda ya san sunansa. Abin da ya faru shi ne, a bazarar da ta gabaci hunturun nan, ya taɓa tarar da kwalbar Edna ta kwana a waje. Ya buga, ya ƙara bugawa, ya durƙusa yana kwaɗa mata kira ta ramin jefa wasiƙa da ke jikin ƙofar har rabin layi suka fito. Ashe ciwon kai ne ya kwantar da ita. Ta sauko da rigar barci, gashi a naɗe, ta ga jama'a sun zuba mata ido. Edna kuwa mace ce da ko shara za ta zubar sai ta sa hula. Ta wanke shi tas a gaban kowa.

"Ran da na mutu zan bar maka takarda, Mista Holroyd," ta ce. "Kafin nan kada hannunka ya sake taɓa mini ƙofa."

Ba ta tsaya nan ba, sai da ta rubuta wa kamfani wasiƙa, manaja ya kira shi ya ja masa kunne. Wata guda abokan aiki suna kwaikwayon muryarta in sun gan shi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

To ran Litinin ɗin nan ta Janairu ya zo bai ga wankakkiya ba. Ya ce ta manta, ya ajiye tasa. Ran Talata ya tarar da ta Litinin ta daskare, labule a sauke. Ya ɗaga hannu zai buga, ya tuna rigar barcin nan da dariyar mutane, ya ce wa kansa ta tafi wurin ƙanwarta a Skipton, ai takan yi haka ba ta gaya wa kowa ba. Ya sauke hannun. Ran Laraba ya ajiye ta uku a gefen biyun ya juya da sauri, ko mai kyamarar da ke tsallaken titi bai lura da shi ba. Wannan ta ukun ita ce ya kasa gane wa kansa har tsufa. Ya riga ya sani a ransa, wallahi ya sani, amma in ya buga ranar, dole ya amsa dalilin da ya hana shi bugawa jiya. Ran Alhamis da safe ya duba hagu da dama, ya kwashe ukun ya cusa a ƙasan kiret, sannan ya ruga ofishin 'yan sanda. Da aka tambaye shi, ya ce ta bar masa takarda tun Asabar cewa kada ya kawo sai Alhamis, yau da ya zo ne ya ga gidan bai yi masa daidai ba. Gidan na ƙarshen layi, sanyi ya kulle kowa a ɗaki, babu wanda ya ƙaryata shi. Likita ya ce ta faɗo daga bene tun ran Lahadi ƙugunta ya karye, kuma ba karayar ce ta kashe ta ba, sanyi ne, wajen yammacin Laraba.

Shekara talatin da tara yana ɗauke da wannan, ko matarsa ta mutu ba ta sani ba. Ga shi yanzu an zana shi a bango da tsawon mutum biyu, a bakin titin da kowa ke bi. Kwamiti kuma sun gayyato Hazel, 'yar Edna tilo, daga Leeds, ta zo ta yaye ƙyallen allon. Hazel ta san ƙofar uwarta, ta san guda take karɓa, ta kuma san shekarar da aka yi irin wannan dusar ƙanƙarar. Rana dubu ta ɓarawo, in ji masu magana.

Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin mai hana cin abinci. Ya bar albasarsa ciyawa ta cinye. Kullum sai ya zo ya zauna a bencin da ke fuskantar bangon, mutane na cewa dubi tsoho yana jin daɗin abinsa, har wasu na zuwa su ɗauki hoto da shi. Ya yi tunanin ya samo bokitin farin fenti ya watsa, ya ga shekarunsa sun wuce wannan. Ya yi tunanin ya ce wa kwamiti ba ya so, ya san za su tambaye shi dalili. A ƙarshe dai ya jira ranar da Imogen ta sauko cin burodi da cuku, ya matsa kusa da ita yana murza hularsa.

Ya fara da yabon tayoyin motar, ya ce ta samo su daidai. Ya kewaya ya kewaya, sannan ya ce akwai kuskure ɗaya, kwalaben nan sun yi yawa. Ta yi dariya ta zaro hoton daga aljihu ta nuna masa, ta ce ba ita ta ƙara ba, ga su nan, har kakanta ya rubuta ranar a baya. Cyril ya karɓa ya juya bayansa. Laraba ce, da kwanan wata, da rubutu mai kyau irin na mutanen da.

"'Yar nan," ya ce, "duk mai madarar da ya san aikinsa ba zai bar uku a ƙofa ɗaya ba. In tsofaffin abokan aikina suka gani, dariya za su yi mini. Ki rufa mini asiri ki bar guda."

Ba ta so ba. Ta ce ukun ne suka daidaita wannan kusurwar, in ta cire wurin zai yi fayau. Amma da ta dubi fuskarsa sai ta ɗauka girman kai ne irin na tsofaffin ma'aikata, ta ce to Mista Holroyd, bango naka ne. Kafin la'asar ta shafe biyun, ta mai da wurin dusar ƙanƙara. Sannan ta miƙa masa hoton ta ce ya riƙe, kyauta, shi ya fi cancanta da shi, ita ta gama da shi. Ya sa a aljihun ƙirji ya tafi gida ƙafarsa ba nauyi. Ranar ya ci abinci har da ƙari.

Sai dai daɗin bai kwana biyu ba. Wilf ya zo ya ga bangon, ya dubi kwalba guda, ya dubi Cyril, ya ce aiki ya yi kyau. Shi ke nan abin da ya ce. Daga ranar bai sake kiransa tsohon banza ba. In sun haɗu sai ya ce barka da rana Cyril, ya tambayi lafiyarsa da ladabi kamar baƙo, ya wuce. Wannan ladabin ya fi zagi ciwo, kuma Cyril ya gwammace a mare shi.

Ana gobe biki Hazel ta iso. Shi bai san da zuwanta ba, yana zaune a bencinsa wajen ƙarfe uku sai ya ga wata mata mai furfura da jar kwat ta tsaya gaban bangon, ta daɗe ba ta motsa ba. Da ta juyo sai ya ga fuskar Edna ce sak. Ta gane shi, ta zo ta zauna a gefensa, ta riƙe hannunsa da hannu biyu. Ta ce ta daɗe tana son ta gode masa da bakinta, lokacin jana'iza ba ta cikin hayyacinta. Ta ce ta ji daɗi da aka sa ƙofar mamarta a zanen, da kwalbarta guda, kamar yanzu za ta buɗe ta ɗauka.

Ya ce babu komai, aikinsa ne. Ya so ya tashi, ba ta saki hannun ba.

Sai ta shiga ba shi labarin da bai tambaya ba. Kowace Lahadi takan hau bas ta zo ta wuni da uwarta. Ana saura mako guda ta rasu sun yi faɗa a kan saurayin da ke neman Hazel ɗin, uwar ta faɗi magana mai zafi, ita kuma ta rantse ba za ta zo ba sai an ba ta haƙuri. Lahadin nan ta zauna a ɗakinta a Leeds tana cika tana batsewa. Da ta zo, da ita za ta hau benen ta ɗauko bargon, ko kuma ta same ta da rai. Ta ce abin da ya fi cin ta shi ne takardar nan da uwar ta bar masa. Tunda ta soke madara har Alhamis, ke nan ta shirya tafiya, kuma ƙanwar uwar da ke Skipton ta ce ba su yi da ita za ta zo ba. To ina za ta, in ba Leeds ba? Shekara talatin da tara tana ganin uwarta ta haɗa jaka za ta zo su shirya, ita kuwa tana can tana fushi.

"Ni na kashe ta, Mista Holroyd," ta ce, ba kuka, kamar mai faɗin abin da aka daɗe da yankewa. "Ba na gaya wa 'ya'yana, amma kai zan iya gaya maka. Kai kaɗai ka kula da ita."

Cyril bai taɓa tunanin inda ƙaryarsa ta je ta sauka ba. Shi a ganinsa ya binne ta tare da kwalaben, ashe wata ce ta ɗauke ta ta raine ta tsawon rayuwa. Ya dubi bangon. Babu abin da ya rage da zai tona shi, Wilf ba zai yi magana ba, gobe za a tafa masa a kafa sunansa da ƙusa. Abin da kawai zai yi shi ne ya ce Allah ya ji ƙanta, ya tashi. Ya zare hannunsa daga nata, ya laluba aljihun ƙirji, ya ɗora mata hoton a cinya.

"Babu wata takarda," ya ce. "Ba ta bar mini komai ba. Ni na ƙirƙira."

Ta sa tabarau. Ya nuna mata da lanƙwasasshen yatsansa, wannan ta Litinin, wannan ta Talata, wannan ta Laraba. Ya gaya mata yadda ya ɗaga hannu ya sauke, da dalilin, da yadda ya kwashe su ran Alhamis. Bai nemi gafara ba, don ya ga ba shi da bakin nema. Ya ce dai ba Leeds za ta ba, ba ta haɗa jaka ba, kuma ko da Hazel ba ta zo ran Lahadi ba, akwai wanda ya tsaya a ƙofar nan sau uku tana da rai.

Hazel ta juya hoton ta karanta ranar, ta sake juyowa. Wata mota ta wuce, a gidan shayi ana ta kwashe kofuna. Da ta yi magana, muryarta ba ta tashi ba.

"Ka san inda aka same ta?"

Ya ce a ƙasan bene, haka aka ce. Shi bai shiga ba ranar, a waje ya tsaya.

"A bayan ƙofa," in ji ta. "Ta ja jiki daga benen har ƙofa, sakatar ce ta fi ƙarfin hannunta. Ɗan sandan ya gaya mini sai da suka tura ta kafin ƙofar ta buɗe." Ta cire tabarau ta ninke. "Katako ne kawai tsakaninku. Ta ji zuwan motarka, Mista Holroyd. Ta ji ka ajiye, ta ji ka tafi."

Ta miƙe, ta sa hoton a jakarta, ta gyara wuyan kwat ɗinta, ta nufi tashar bas ba ta waiwayo ba. Cyril ya zauna a wurin har mai gidan shayi ta fito ta tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya, ƙafarsa ce ta ƙi tashi.